Ungozomar Kogin Atrato

Ni na tuƙa kwalekwalen ran nan,
ni Nemesia, hannuna na ɓari.
Inna Casilda na zaune a goshi,
farin ƙyalle ɗaure a sanda,
a cinyarta almakashin yankan cibiya
na shekara arba'in da ɗoriya.

Ruwa bai ɗauke ba tun Talata.
A Chocó ruwa ba ya ɗaukewa,
numfasawa kawai yake yi.

Wata uku ba mu sauka bakin kogi ba.
Wata uku muna wanki a bayan ɗaki
da ruwan indararo,
tun ranar da Yuliana ta tafi da kwando
ta dawo ba kwando, ba murya,
ta zauna tana ƙirga kusoshin bango.

Maza sun yi taro, sun ce a jira hukuma.
Hukuma tana can kan tsauni, ta rufa da bargo.
Inna ta tashi, gwiwarta ta yi ƙara,
ta ce, "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.
Nemesia, kwance igiya."

A shingen farko, yaro ne,
bindigarsa ta kusa fin shi tsayi.
Ya daka tsawa, muryar ta karye a tsakiya.
Inna ba ta ɗaga hannu ba.
"Wilmer, ɗan Dominga.
Da ƙafa ka zo duniya, da hannun nan na juya ka.
Cibiyarka tana gindin gwaibar bayan gidanku,
bana ma ta yi 'ya'ya.
Kawar da abin nan daga fuskata."
Ya kawar.
Ya ma riƙe mana bakin kwalekwale.

Babbansu baƙo ne, ba ɗan kogin nan ba.
Yana cin kifi da soyayyar ayaba,
bai ce mu zauna ba.
"Tsohuwa, ni ba ke kika karɓi haihuwata ba."
"Gaskiya ne. Amma wata ta karɓa,
ta tsotse majinar hancinka da bakinta
har ka yi kuka."

Ta ajiye almakashin a kan teburinsa,
kusa da harsasai,
ta fara lissafi da yatsu masu amosani:
bakin kogi namu ne daga asuba zuwa la'asar;
hanyar makaranta ba ta son takalmin soja;
bindiga ba ta tsallaka ƙofar ɗakin naƙuda.
Sai na huɗu.
"Sunan wanda ya tare Yuliana."

Ya ba da uku.
A na huɗu ya tsame ƙaya daga haƙori,
ya dubi daji.
Na ga wani a bayansa ya sunkuyar da kai,
na haddace tabon da ke kunnensa.

Aka rubuta a bayan takardar sigari.
Kafin mu kai gida ruwa ya cinye rabin tawadar.
Na ce, "Inna, ta goge."
Ta ce, "Ni ban iya karatu ba dama.
Yara goma sha ɗaya suka ji ya faɗa,
bakwai ni na wanke su."

Na ɗauka mun gama.
Ta ce in kwanta da wuri,
gobe sai sama da kogi, wurin ɗaya ɓangaren,
su ma suna da cibiya.

Yanzu mukan sauka mu ashirin,
kowace da usur a wuya,
Eulalia a kan dutse tana gadi,
sauran muna bugun kaya har daji ya amsa.
Tsoro bai tafi ba,
ya dai koma can tsallake yana kallonmu.

Yuliana ba ta zo ba tukuna.
Amma jiya da zan fita
ta miƙo mini shuɗiyar rigarta ta taga
da guntun sabulu.
Na wanke ta sau uku.
Na huɗun yana nan,
Inna ta ce ba ta yafe shi ba.